Farkon Kaset

Zuwa ga Mardiyya, a Kaduna

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Kawu? Ki ce masa 'yar ƙanwarsa tana gaishe shi, kuma ya rage cin goro. Ni jiki da sauƙi, sai ƙafa da take kumbura saboda zama. Saƙonki na ta'aziyya ya iso, da sabulu da ganyen shayi. Allah ya saka da alheri.

Kin ce in kira ki. Wayar gidan nan ta Malam ce, tana hannun wansa, Yaya Gwadabe, ya haɗa ta da kayan gado. In zan yi magana sai a tsaye a bakin zaure yana jina. Shi ya sa na ɗauko biro. Kada ki yi wa rubutuna dariya, 'yar boko, kin san a aji shida na tsaya. Maƙwabciyata Hajo, mai kai bandar kifi Kaduna, ita za ta kawo miki.

Takaba dai ga ta nan ana yi. Daga ɗaki sai tsakar gida, daga tsakar gida sai ɗaki. Da ban san katangarmu tana da tsawo haka ba. Ina jin babura suna wucewa Auyo, ina jin mata suna tafiya fadama suna hira, ba na ganin kowa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kin tuna adakar ƙarfen nan ta ƙarƙashin gadon Malam? Cike take da kaset-kaset. Tun yana saurayi yana gyaran rediyo a kasuwar Haɗeja, duk ranar da aiki ya yi sauƙi sai ya rataya rikoda ya bi ƙauyukan bakin ruwa, har Baturiya yana zuwa. Ya ɗauki masunta suna waƙar jan taru, ya ɗauki tsofaffin mata suna waƙar casar shinkafa, har da masu waƙa da yaren da ni ba na ji. Mutane suna ce masa mahaukacin rikoda, shi kuwa ko a jikinsa. Yawancin waɗanda ya ɗauka sun riga shi tafiya.

Shekaranjiya na lura damina ta shiga adakar. Fumfuna ta fito a jikin zaren, fara kamar auduga. Na nuna wa Yaya Gwadabe, ya ce tarkace ne, ko 'yan gwangwan ba za su ɗauka ba, ba sa cikin gado, in yi yadda na ga dama da su.

Ni ba waƙoƙin ne suka dame ni ba. Kowane kaset, kafin a fara waƙa, Malam ne yake fara magana. Sai ya yi gyaran murya, ya hura bakin rikoda, ya ce, “To, bismillah. Yau Talata, ga mu a gindin tsamiya a gari kaza, tare da Baba wane.” Wani lokaci a ba shi dariya, ya yi abarsa. Da an fara waƙa sai in tsayar, in mayar baya, in sake ji. Bayan la'asar nake yi, lokacin da ya saba dawowa daga kasuwa.

Kawu ya taɓa ce min aikinki a gidan da gwamnati take ajiye muryoyin mutanen da ne. Me ake yi wa fumfuna? Ko in shanya su a rana?

Taki,
Saude

*

Zuwa ga Yaya Saude

Wa'alaikumus salam. Duk muna lafiya, yara suna gaishe ki. Baba ya ce in gaya miki goro ya riga ki zuwa duniya. Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi, ki rage gishiri. Rubutunki kuwa ba laifi ga 'yar ƙauye, sai da na juya takardar kaɗan kafin na gane sama da ƙasa.

Allah ya jiƙan Malam Isa, ya sa ya huta. Yaya, ba ki san abin da ke ƙarƙashin gadonku ba. Na karanta wa shugabar sashenmu wurin da kika faɗi abin da ya ɗauka, ta ajiye abin da take yi ta ce in maimaita. Muna da waƙoƙin fada da na gidan rediyo da yawa, amma waƙar masunta da matan fadamar Haɗeja kusan babu.

Kada ki shanya su a rana, zaren zai manne. Kuma ki daina sa su a rikoda, duk juyi ɗaya yana cin jikinsu. Ki ba Hajo adakar gaba ɗaya a zuwanta na gaba, tun ruwa bai yanke hanya ba. In sun iso za mu goge su ɗaya bayan ɗaya, mu cire duk hayaniyar da ba a buƙata, mu juye waƙoƙin a kwamfuta. Su kuma kaset ɗin a kai su ɗakin sanyi. Daga nan duk ɗan ƙasar nan da yake so zai iya zuwa ya saurara kyauta, ko bayan mu da jikokinmu.

Sauri nake, Hajo tana tsaye a kaina wai motarta za ta tashi, ofis duk ya ɗauki ƙamshin banda.

Ƙanwarki,
Mardiyya

*

Mardiyya,

Ina gaisuwa, ina gaida Kawu da yara. Ƙafa tana nan yadda take.

Na karanta takardarki na sake karantawa. Ba zan aiko ba. Hajo ta shigo da igiya za ta ɗaure adakar, na ce ta bari.

Na san gogewa. Da mai rikoda na yi zaman aure. In kaset ya yanke wa Malam, sai ya ɗauko tsoho ya danna jan maɓalli, ya ce ya goge shi. Akwai wanda ya ɗauki Innata, gwaggonki, tana waƙar daɓe ranar da aka gyara mana ɗakin nan. Ya goge shi bisa kuskure. Bayan ta rasu muka sa, babu komai sai shuuu, kamar yayyafi a kan kwano. Ya daɗe bai iya haɗa ido da ni ba.

Hayaniyar da ba a buƙata ma na gane ta. Gyaran muryarsa ne, da hura rikoda, da dariya. Ku waƙa kuke so. Za ku kwashe waƙar ku share mutumin da ya yi ta yawo a rana ya ɗauko ta. Duk ɗan ƙasa ya zo ya saurara, ni da na wanke wa Malam riga tun ina yarinya in zo in tarar da shuuu.

Ban ce da mugunta kika faɗa ba. Aikinku ne haka, ku kuka san shi. Amma ni ba fita nake ba, ba wanda nake jira bayan la'asar, wannan ne kawai ya rage min. Gara fumfuna ta cinye shi a gabana da a goge shi a inda ba na nan.

Na share iya wadda hannuna ya kai da gefen zani. Ruwa ya fara ƙaruwa, maza suna ta cika buhuna da ƙasa suna ƙara wa jingar da ke tare mana kogi.

Saude

*

Zuwa ga Mardiyya

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni zazzaɓi ya ɗan taɓa ni, ya sauka.

Ban ga amsarki ba. Ko kin yi fushi ne? Na san na yi miki magana da zafi. Hajo ma ba ta dawo ba, an ce ruwa ya cinye hanya tsakaninmu da Haɗeja, mota ba ta wucewa. Ina rubutawa ne in ajiye, ban san ranar da zai tafi ba.

Jinga ta fashe ranar Juma'a ana shirin tafiya masallaci. Shinkafa duk ta nutse, sai kan ciyawar kacalla ake gani. Unguwarmu ta kwashe ta koma makarantar firamare ta kan tudu. Yaya Gwadabe ya zo da kwalekwale har ƙofar gida ya ce in fito. Na ce takaba a ɗakin miji ake yin ta.

Ya ce, “Saude, liman da bakinsa ya ce wannan lalura ce. Ko kin fi liman karatu ne?”

Na ce to a fara ɗaukar adakar.

Ya ce, “Jirgin da nake kwashe tsofaffi da buhun gero, shi zan ɗora wa ƙarfe? In kin ga dama ki zauna, in kin gama takabar a ɗaura miki aure da rikoda.”

Ya juya ya tafi. Kafin magariba sai ga shi ya dawo da garin masara da ashana da ruwan sha a jarka, ya ajiye a kan katanga ya koma.

Ke zan gaya wa abin da ban gaya masa ba. Ba don takaba kaɗai na ƙi ba. A makaranta mata ne cike a aji ɗaya, da yara da kaji. A ina zan kunna shi? Wa zai bar ni in mayar da magana ɗaya baya ina sake ji, ba a ce na taɓu ba?

Ruwa ya shigo tsakar gida, ya kai min ƙwauri. Ɗakin yana da tudu, amma ƙasan yana tsattsafowa. Ban iya ɗaga adakar ni kaɗai ba, sai na kwashe kaset ɗin a daro na ɗora kan gado. Da na kai na ƙasan na tarar sun riga sun jiƙe, takardun jikinsu sun saki, rubutunsa ya narke. Na jera su a kan katifa, ni ina kwana a gefe a takure.

Batir ya kusa ƙarewa. Muryarsa ta fara ja, tana fita a hankali da nauyi, irin yadda ta koma a kwanakinsa na ƙarshe a asibiti. In na ji haka sai in kashe. Can kuma sai in kunna.

Ki amsa min ko da faɗa ne.

Saude

*

Yaya Saude,

Muna lafiya, ina fata ƙafa ta yi sauƙi. Yanzu Hajo ta miƙo min takardarki ta ƙin aiko adakar, na hana ta zama sai na rubuta wannan.

Yaya, gogewar da na ce, gogewar ƙura ce. Irin wadda kike yi wa kwanukan jerenki. Akwai ƙyalle mai laushi da ake bi da zaren a ɗauke fumfunar, shi ke nan. Babu jan maɓalli a injinmu, an ma cire shi don kada hannun wani ya kai. Hayaniyar kuwa ita ce shuuu ɗin da kike faɗa, da ƙarar iska, kuma ko ita a kwafi ake rage ta, ba a taɓa na asali.

Maganar Malam ta farkon kaset ba mai yanke ta. Ita ce take gaya mana wane ne yake waƙar, a wane gari. Da gyaran muryar da dariyar duk tare ake ajiyewa. Da na san haka za ki karanta da na zauna na rubuta a natse, ko da Hajo za ta rasa motarta.

Ashe har Gwaggo ya taɓa ɗauka. Ban sani ba. Na tashi na shiga banɗaki na daɗe.

Ki aiko, don Allah. Ana ta faɗa a rediyo ruwa yana tafe wajenku.

Mardiyya

*

Zuwa ga Mardiyya

Assalamu alaikum. Ina gaida Kawu, ina gaida kowa. Zazzaɓi bai dawo ba, sai sauro.

Jiya Hajo ta iso a kwalekwale, takardarki a ƙulle cikin leda a ɗankwalinta. Ashe tuntuni kin amsa, tana Haɗeja gidan 'yar'uwarta ruwa ya tare ta. Ranar da nake zargin kin yi fushi, amsarki tana kan Hajo.

Na karanta a tsaye. Na zauna a bakin gado ina kallon waɗanda suka jiƙe. Da na ba ta adakar ranar da ta shigo da igiya, da duk a bushe suka tafi. Hausa ɗaya muke ji ni da ke, kaka ɗaya ta goya iyayenmu, kalma ɗaya ta raba mu. Hajo ta ce in daina kuka, ruwan da ke ɗakin ya isa.

Ita ta ɗaure su a leda ta zuba a buhun da take sa kifi. In sun zo suna ƙarni ku yi haƙuri. Jiƙaƙƙun daban, na ɗaure bakin ledarsu da jan tsumma. Yaya Gwadabe ya so ya yi gardama, wai jirgi ya cika.

Hajo ta ce, “Gwadabe, da idona na ga ka ɗauko wa matarka turmi da taɓarya. Turmi ya fi ƙanenka?”

Ya ce, “Ƙanena yana maƙabarta, Hajo.”

Ta ce, “To ai shi ya sa.”

Ya tsaya yana kallon buhun. Sai ya cire hularsa ya sa a aljihu, ya ɗora buhun a ka, ya bi ruwa da shi har jirgi. Ya ce shi zai kai Hajo inda mota take tsayawa.

Ga takardar da na rubuta na ajiye, na haɗa miki, ki karanta ki ga haukata.

Ɗaya ban saka ba, kada ki ƙirga ki ce Hajo ta yar. Wanda ke cikin rikoda ne. Babu waƙa a cikinsa. Ya gyara rikodar ne yana gwadawa a tsakar gida, ina tuƙa tuwo. Ana jin muciya. Sai ya ce, “Ke mai tuwo, zo ki ce wani abu duniya ta ji.” Na ce, “Ni ka rabu da ni, zai yi gudaji.” Ya yi ta dariya har da tari. Wannan ba na ɗan ƙasa ba ne. Hajo ta kawo min sabon batir.

Taki,
Saude

*

Yaya Saude,

Muna lafiya. Baba ya ce in kin ƙara kwana a ɗakin nan da kansa zai taho, da sandarsa da goronsa.

Buhu ya iso. Ba zan ɓoye miki ba, na jan tsumman yawancinsu sun tafi, zaren ya saɓule, babu abin da za a iya yi. Kaɗan daga ciki muna gwadawa. Na saman kuwa suna magana rau. Irmiya, wanda yake goge zaren, ɗan Kafanchan ne, bai taɓa ganin taru ba, amma yanzu duk kaset da zai sa sai ya hura iska ya ce, “To, ga mu a gindin tsamiya.” Na hana shi, ya ce ba da gangan yake yi ba.

Wanda kika riƙe shi nake jin tsoro. Rikodar ta tsufa, ta sha danshi, wata rana za ta tauna shi. Ki aiko. Muna da ƙa'ida, in iyali suka ce a kulle abu, ba mai ji sai wanda suka yarda. Ni kuma zan tara miki duk maganganunsa na farkon kaset a memori, da na tuwon, in haɗo da ƙaramar rediyo mai caji. Ki mayar baya iya son ranki, ba abin da zai lalace.

Ki koma makarantar, Yaya. Ɗakin ƙasa ne.

Mardiyya

*

Zuwa ga Mardiyya

Assalamu alaikum. Ki ce wa Kawu ya ajiye sandarsa, ina makaranta. Lafiyata ƙalau. Bangon bayan ɗakin ya zauna ranar Lahadi da hantsi, ina tsakar gida, ko ƙwarzane ban yi ba. Matan nan sun kewaye min lungu ɗaya da zannuwa a ƙarƙashin allo, a nan nake ƙarasa takabar. Ya fi ɗakin ƙanƙanta. In na miƙe ƙafa sai ta leƙa waje.

Abin da kika ji tsoro ya faru tun kafin takardarki ta zo. Rikoda ta kama zaren ta tauna. Na zaro shi a hankali na naɗe da biro. Wani wuri ya yamutse, daidai inda yake dariya. Ban sake sawa ba. Ga shi nan a hannun Hajo, cikin safar Malam. Ku kulle shi.

Memorin kuma kada ki aiko tukuna. Na san alheri kike nufi, ki bari in gaya miki dalili. Kwana biyu kafin bangon ya faɗi na dafa ɗan tuwo, na kunna shi yana magana, ban ankara ba sai ga ni na zuba kwano biyu. Har na rufe nasa da faifai. In na idar da salla bakina yana cewa Allah ya jiƙansa, kunnena kuma yana jiran la'asar. Wata nawa ina cewa takaba ce ta tsare ni a ɗakin nan, ruwa ya zo har gado ban fita ba. Tun da rikoda ta yi shiru nake kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka fita da shi. Yana da zafi, amma in na gama ina iya barci.

Ku riƙe shi a wurinku. Can babu fumfuna, babu ruwa, babu mai mayar da shi baya kullum har ya gaji. Waƙoƙin kuwa duk mai so ya ji, don haka ya yi yawon. Ki ce wa Irmiya ya ci gaba da hurawa, ban ji haushi ba.

In na fita takaba hanya ta buɗe, zan biyo Hajo in zo in ji shi sau ɗaya, a zaune a kujera kamar kowa, in tashi in dawo gida. Sai dai ban taɓa shiga ofishin gwamnati ba. Ki rubuto min abin da zan ce wa mai gadi in ya tambaye ni wurin wa na zo.

Taki,
Saude